Ranar da Jif ɗin Alhaji Sambo ta Karkace

Ranar wata Talata, a bazarar da aka fara kwashe mutanen ƙauyukan bayan Maradun saboda ruwan dam ɗin Bakolori, wata koriyar jif ta shigo garejin mahaifina a Talata Mafara tana tafiya kamar jakin da aka ɗora wa kaya gefe ɗaya. Ta karkace hagu ƙwarai, har masu kai albasa kasuwa suna tsayawa kallo. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, an taso mu daga makaranta, na ba akuyoyin Inna harawa, na zo ina wanke sifanoni a kananzir. Garejin namu gindin tsamiya ne kawai da akwatin ƙarfe da jak ɗaya, amma ni a wurina duniya ce guda. Ni ne gwanin ƙera motar kara a unguwarmu, yara suna kirana Injiniya, sunan kuwa ya hau mini kai. Ba abin da nake so irin a ce na iya.

Mai motar, Alhaji Sambo, ɗan kwangila ne mai kai tsakuwa wurin aikin dam, mutum mai faɗin ƙirji da son a ji muryarsa. Direbansa Ɗanjuma ya fito ya rakuɓe, siriri ne, ɗan ɗaya daga cikin ƙauyukan da ruwa zai ci. Alhaji ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce a gano masa abin da ya lalata motar da bai shekara da saye ba, in kuwa sakacin direba ne, a ranar zai bar aiki.

Baba ba mai gaggawa ba ne. Ya sa aka tura motar zuwa inda ƙasa take a miƙe, don kada gangare ya ruɗe shi. Ya gwada iskar tayoyi huɗun, duk daidai. Ya karyo karan dawa ya auna daga ƙasa zuwa ƙarfen saman kowace taya, yana sa alama da farce. Gaba lafiya lau, amma bayan hagu ya gaza na dama da yatsa uku. Ya danna gefen da ƙarfi ya saki don ya ga ko shokazoba ce ta mutu, motar ta dawo ta tsaya cak, ba ita ba ce. Sannan ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi, ya iske sifirin hagu ya miƙe, falle ɗaya ma ya tsage. Da ya fito ya buɗe ƙofar baya ya leƙa, ya ɗan jima, ya rufe. Ya ce wa Alhaji hanyar Maradun ce ta cinye sifirin, ramuka ba sa barin ƙarfe, a canja falle ɗaya shi ke nan.

Ni kuwa maganar ba ta kwanta mini ba. In ramuka ne, me ya sa na dama bai tsage ba? Na zagaya na haye cikin motar, na ɗaga tamfol ɗin da ke ƙarƙashin bencin hagu, sai ga ƙaton dutsen niƙa da ɗansa, an naɗe su da tsohon zane. Na yi tsalle na ɗaga murya don kowa ya ji: “Baba, ga abin da yak karkatar da ita! Dutsin niƙa na!” Wallahi a lokacin daɗi ne ya cika ni, ina ganin na fi ubana ido.

Ɗanjuma ya durƙusa. Ya amsa cewa ya kwana biyu yana kwasar wa mutanen ƙauyensu kaya a ɓoye in an aike shi Maradun, ƙyaure da azara da turame, yana tura su gefen hagu don kada a gani. Wannan dutsen na tsohuwarsa ne, ta gaje shi a wurin uwarta, kuma tun da aka kai ta sabon matsuguni ta ƙi cin tuwon garin inji. “Alhaji, shi kaɗai yar rage,” in ji shi. “Ka bari in kai mata shi, ka kore ni bayan nan.”

Alhaji ya yi dariya. Ya sa shi ya sauko da dutsen shi kaɗai, ya karɓe mabuɗin motar, ya ce ya tuɓe rigar aikin da ya ɗinka masa. Jama'ar kasuwa suka taru, wasu na dariya, ba wanda ya ce a yi haƙuri sai Baba, shi ma Alhaji ya ce masa ya ji da ƙaryar da ya yi. Sannan ya dafa kaina ya ce, “Yaro, kai ne makaniken wurin ga. Ɗauko mani guduma.” Na sheƙa na ɗauko. Ya miƙa wa Ɗanjuma ya ce da hannunsa zai fasa. Sau huɗu ya buga kafin dutsen ya rabe, yana bugu hawaye na zuba a ƙirjinsa. Da ya kama hanya ba riga, rungume da ɗan dutsen, mu yara muka bi shi har bakin tasha muna yi masa eho. Ni ne a gaba.

Baba bai dake ni ba, na so a ce ya daka. Ya gyara motar, ya yi alwala, ya ce da ni, “Na ga dutsin tun gabaninka. Makanike mota shi ka gyarawa, ba shi tona mutum.” Bai ƙara ba ni kara in auna ba har damina ta faɗi. Tsohuwar Ɗanjuma ta rasu tun kafin lokacin kaka. Shi kuwa Alhaji ya baza cewa Ɗanjuma ɓarawon mota ne, ba wanda ya sake ba shi sitiyari. Bayan shekaru na gan shi yana dako a tashar Bakura, gashinsa ya yi fari. Ya gane ni, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Baba, ya kira ni Injiniya ba tare da ko ɗigon ɗaci ba. Na kasa kallon idonsa.

Yanzu gareji nawa ne, da rufin kwano da na'urar da ake jonawa ta faɗi ciwon mota cikin minti biyu. Yaran da nake koya wa aiki sun fi ni sauri, amma ina kewar zamanin da mutum zai leƙa mota ya ga komai ya rufe ƙofa. Na gyara motoci da yawa da suka karkace tun daga ranar. Abin da na karya da bakina ne har yau bai gyaru ba.