Hular Ɗigo Huɗu

A Adabka, idan ka ga hula mai zanen da ba ka taɓa gani ba, kada ka wahalar da bakinka, ɗinkin Hure ne. Tun tana yarinya ba ta kwaikwayon zanen kowa. Bayan kunkuru, ƙafar fara, duk abin da ya gifta sai ta tsura masa ido ta zana a takarda.

Bayan rasuwar mijinta, gonar masarar bayan gida ce ke riƙe da ita da 'ya'yanta. Bara tsutsa ta cinye ta tas. Bana ga ta ta sake dawowa, kuma idan aka kuma, sai dai Hure ta koma cin arzikin dangi, abin da ta tsana.

Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Da ta ɓare wani ganye ta ga tsutsar, wai sai ta burge ta! Ɗigo huɗu a wutsiya, a kanta kuma alama kamar gwafa. Ta jefa ta kwalba da ƙasa da ganye don ta zana ta a tsanake.

Wanta Makau ya leƙo ya riƙe baki. "Hure, mi nika gani? Ɓarawon gonakki kika kiwo?"

"Awo, Yaya. Hula za ni yi da shi."

Wata safiya tsutsa ta nutse cikin ƙasa, Hure ta yi ta jin haushi. Bayan kwanaki sai ga wani malam-buɗe-littafi mai ruwan toka yana fuffuka a kwalbar, ashe tsutsar ce ta rikiɗa. Ta zana shi, ta kuma gane shi, irinsa ne ke yawo a gonarta. Ta bi sawunsu ganye-ganye, sai ta tarar da wani tabo kamar auduga, wanda da can take ɗauka datti ne. Ta kai allurarta ta tona. Ƙwayaye ne jere reras, har wasu sun fara motsi!

Guɗar da ta rangaɗa sai da maƙwabta suka fito. Ta nuna wa matan unguwa zanen, suka bazu cikin gona suna murje ƙwai kafin ya ƙyanƙyashe.

Da kaka, Makau ya zo taya ta ɗaukar masara sanye da sabuwar hula mai ɗigo huɗu. Ya ciccibi buhu ya yi nishi.

"Ɗauka da kyau, Yaya," in ji Hure. "Ga ɓarawon nan bisa kanka, bai ci ko tsaba ba."