Baba da Lasisin Talabijin

Shekarun baya can, lokacin muna zaune a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a Landover, mahaifina ya zo wurinmu nan ƙasar waje daga gida aka yi masa aikin gwiwa. Aiki ya yi kyau, amma likita ya gaya mana a fili cewa saura babban aikin: gashin ƙashi da motsa ƙafa kullum, na tsawon watanni. In aka yi wasa da shi gwiwar za ta sandare, kuma ba mai iya dawo da ita.

Ciwon bai dami Baba ba kamar kaɗaici. Ni ina wurin aiki, matata tana asibitin da take aikin jinya, yara suna makaranta. In sun dawo ma ya yi musu Hausa su mayar masa da Turanci, ya bi su da ido kawai. Mutumin da ya saba da hayaniyar shagon yadi a kasuwa, ga shi an ajiye shi a falo shi da bango.

A lokacin na yanke kebul ɗin talabijin da ake biya duk wata, na sayo wata 'yar eriya na manna a taga, tana kamo mana tashoshi kyauta. Ina ji da dabarar nan kamar ni na ƙirƙiro ta. Duk baƙon da ya shigo sai na ja shi bakin taga ya gani, ko ruwa bai sha ba.

Yawancin tashoshin Baba bai so su ba. Talla ta yi yawa, kuma wata tallar in ta fito surukarsa tana falo, sai ya sunkuyar da kai ya hau jan carbi da sauri. Sai ya gano wata tasha da ba ta talla ko kaɗan. Namun daji, kifayen teku, da wani tsohon kafinta mai fere katako a natse. Shi ke nan, Baba ya samu abokan hira. A gabanta yake motsa ƙafarsa, yana ɗagawa yana saukewa yana yi wa barewa faɗa: "Ke, gudu za ki yi! Kin tsaya kallon zaki, ɗan'uwanki ne?" Gwiwa ta fara lanƙwasuwa, kowa ya ji daɗi.

Wata Asabar muna shan shayi ya ce, "Wai kai, lasisin talabijin ɗin nan, nawa kuke biya a shekara?"

Ai kuwa ya taɓo inda nake so. Na gyara zama na ce, "Baba, ko sisi! Nan ƙasar babu wannan. Eriyar can ka gani? Ita ce komai. Kyauta muke sha."

Ya dube ni, ya dubi eriyar. Ya miƙa hannu ya ɗauki rimot ya kashe.

"Ƙasar da ake biyan kuɗin ajiye mota a bakin titi, ita ce za ta bar ka ka kalli zaki kyauta? Sata kake yi ba ka sani ba. Ko ka sani, ka raina mini hankali. Ranar da suka zo suka ƙwace maka takardun zama, kada ka ce da ni aka yi."

Na yi dariya, na ɗauka zuwa la'asar zai huce. Ban san da wa nake yi ba. Baba irin mutanen nan ne da tun zamanin rediyo mai batir yake zuwa da ƙafarsa ya biya lasisi, maƙwabta suna yi masa dariya.

Na ga abin ba na wasa ba ne, sai na ɗauko shaida. Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, direban tasi, da muke sallar Juma'a tare, ya fi ni daɗewa a ƙasar nesa ba kusa ba. Ya zo suka gaisa, suka tambayi iyali da jiki, sannan na shigo da maganar. Dattijo ya ce, "Alhaji, gaskiya yaronka ya faɗa. Nan ba a biyan kuɗin tele. Mu dai can gida cikin kuɗin kuran, wato wutar lantarki, ake haɗa muna shi, ko kana kallo ko ba ka kallo."

Baba ya juyo gare ni a hankali. "Ka ji ko? Nijar ma suna biya."

Wallahi ji na yi kamar in mayar da dattijon nan cikin tasinsa. Na kawo shi ya kashe wuta, ya zo ya ƙara mata fetur.

Daga baya Baba ya yarda cewa ba mai kama ni. Amma talabijin ta ci gaba da zama a kashe, kuma da ta mutu sai motsa ƙafar ma ya mutu. Ya koma ɗaki, ya rage cin abinci. Mai gashin ƙashi ta kira ni gefe ta ce gwiwar ta fara komawa baya. Ana haka ya ce in nemo masa tikiti, gida zai tafi, ya gaji. A nan tsoro ya kama ni sosai, don na san in ya tafi a haka, da sanda zai ƙare rayuwarsa.

Na same shi a ɗaki na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, don Allah mene ne? Doka ba ta hana ba, kai ma ka ji."

Ya ce, "Ba doka nake ji ba yanzu. Masu talla, talla ke ciyar da su. Waɗannan da ba sa talla fa? Wanda ya kwanta cikin ciyawa yana jiran zaki, iyalinsa iska suke ci?"

Sai ya ba ni labarin wani amininsa da ban taɓa sanin ƙarshensa ba. Ɗan wasan kwaikwayo ne a tashar jiharmu. In ya fito, unguwa gaba ɗaya take taruwa a gidan mai talabijin, har da masu leƙe ta taga. Ya shekara da shekaru yana ba gari dariya. Da ya kwanta ciwo, kuɗin magani ya gagara, sai da 'yan kasuwa suka yi masa karo-karo, shi ma an makara. Baba ya ce, "A wajen jana'iza kowa cewa yake ya ba mu dariya. Ba wanda ya ce me muka ba shi. Tun ranar na ce ba zan ƙara cin gumin wanda ke cikin akwatin nan a banza ba."

Na tashi na bar masa ɗakin.

Mafita ta zo a ɗakin jira na wurin gashin ƙashi. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je. Talabijin ɗinsu tana kan tasharsa, amma maimakon namun daji sai ga mutane a jere a bayan tebura, kowa da waya a kunne, wata mata a gaba tana ta bayani. Baba ya yi ƙoƙarin kawar da kai, ya kasa. "Waɗannan kuma me suke yi?"

Na ce, "Neman gudummawa. Lokaci-lokaci sukan dakatar da shiri su ce duk mai kallo ya ba da abin da ya sawwaƙa. Ba dole ba ne."

"Au! Ashe akwai inda ake biya?"

"Akwai, amma ba wanda..."

"Kira su."

"Baba, mu je gida tukuna."

"Kira su yanzu, ina ji."

A nan cikin mutane na kira. Wata mata ta ɗauka da fara'a kamar ta san ni. Baba ya sa ni na tambaye ta ko kuɗin yana isa ga masu ɗauko hoton dabbobi. Ta ce da irinsa ake sayen shirye-shiryen, ake kuma biyan ma'aikata. Ya ce in sake tambaya, ban da wasa. Ta sake faɗa, tana dariya. Sannan ya ce in gaya mata akwai bashin watannin da ya kalla a baya. Baiwar Allah ta ce babu wani bashi, kyauta ce. Baba ya ce, "Ka ce mata ita ce ba ta sani ba." Ya hana ni sa katina, sai da na yarda zai mayar mini daga guzurinsa. Da aka kira sunansa, da kansa ya miƙe ya shiga, har yana ce wa mai gashin ƙashi ta ƙara nauyi.

Bayan kwanaki suka aiko da kofin shayi mai tambarin tashar, irin wanda suke ba duk mai gudummawa. Na ce masa tukuici ne kawai. Ya ce in riƙe bayanina, shi ya san lasisi in ya gan shi. Ya ɗora shi kusa da talabijin, ya hana kowa shan shayi da shi. Maganar tikiti kuwa ba ta sake tasowa ba.

Har gobe ina kan bakana: ban karya dokar kowa ba, eriyata halal ce, kuma tana nan a taga. Abokaina da suka zauna a ƙasashen da ake tilasta biyan lasisi suna ƙorafi, na kuma fahimce su. Haushi ne a karɓi kuɗinka da barazana, balle in ba ka ga inda ya shiga ba. Amma in aka tambaye ni ko biyan yana da amfani, ba na inda-inda. Yana da shi. Duk abin da ya zaunar da kai ka ji daɗi, wani ne ya tashi ya wahala a kansa. Ni yanzu duk wata nake ba tashar nan, ko na kalla ko ban kalla ba, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Ita ta yi mini jinyar uba lokacin da nake wurin aiki.

Baba ya cika watanninsa cif. Ranar da zai koma, a filin jirgi wani ma'aikaci ya hango furfura ya turo keken marasa lafiya da sauri. Baba ya dubi keken, ya dube ni.

"Ka ce masa na gode. Ya kai wa mai bukata."

Ya saɓa jakarsa a kafaɗa ya bi layi, a hankali, ba sanda, ba dafa bango. Na tsaya ina kallon ƙafar nan tana lanƙwasuwa tana miƙewa har ya shige. Ni da na zo rakiya da shirin yi masa tsiya, sai ga ni ina share hawaye a gaban 'ya'yana.