Madaurin Gwaggo Tela

Duk layin babu mace mai gata kamar Gwaggo Tela. 'Ya'ya takwas ta haifa, duk sun yi karatu, duk suna da lambar wayarta. Haihuwar takwas ɗin ce ta sauko mata da mahaifa, har zama a gaban keken ɗinki ya gagare ta.

Likitar mata ta ce za a yi aiki a mayar da komai mazauninsa, sai dai akwai zaɓi. Wani lokaci mahaifar da ta sauko ita ke danne hanyar fitsari, in an ɗaga ta sai mace ta fara ɗiga duk sanda ta yi tari ko dariya. Ana iya saka ɗan madauri da zai tallafi hanyar fitsarin tun yanzu a tari abin, amma shi ma yakan sa fitsarin ya ƙi fita, a koma gida da robar fitsari da jakarta na ɗan lokaci. Ko kuma a bari a gani. Ta ce Gwaggo ta je ta yi shawara da iyalinta.

Tari bai dami Gwaggo ba. Dariyar ce. A zamanin da shagonta ke cika da masu jiran ɗinki, in ta fara sai ta dafa bango.

Ta kira 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Da yake bakinta ba zai iya faɗa wa abin da ta haifa inda ciwon yake ba, ta ce musu baya ne. Babban ya aiko da katifa. Autar ta ce ta rage sunkuyo. Sauran suka yi mata sannu, suka ce suna nan tafe da yara in an yi hutu. Gwaggo ta gama shawarar ita kaɗai a shago, tsakanin almakashi da ragowar yadi.

"Likita, sa madaurin," in ji ta. "Jikokina shaƙiyyai ne. Ba zan jiƙa zane a gabansu ba."

Da aka yi aikin, fitsarin kuwa ya ƙi fita. Ta koma gida da roba, tana zubar da jakar da kanta, tana kwana a sabuwar katifa, wadda babu laifi tana da laushi. Daga baya komai ya daidaita.

Da ta koma asibiti, likita ta tambaye ta batun tari. Lafiya lau. Atishawa ma haka.

"Dariya fa, Gwaggo?"

Gwaggo ta ɗan yi tunani.

"Ban gwada ba tukuna."

An yi hutun, har an koma makaranta.