Ramin Harsashi Na Shida

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da wata la'asar ta shekarar 2011 a unguwar Ainu Shams ba.

Mai gidan da muke haya, wani dattijo Bamisire, yana da ƙaramar bindiga irin ta makiyayan Amurka na da. Sabuwa ce, amma an kwaikwayi tsohuwar har da aibinta. Kafin kowane harbi sai an ɗana ƙarfen bayanta da babban yatsa. Yakan ɗebe mu, ni da abokin ɗakina, wani Bazazzagi sarkin tsokana, zuwa gonarsa mu harbi gwangwanaye. Ramin harsashi shida gare ta, amma biyar yake cikawa, ya kwantar da ƙarfen a kan wanda babu komai.

"Ya Hajji, rowa har da harsashi?" in ji abokina.

Dattijon bai yi dariya ba. "Ya ibni, ɗana, in ta faɗi da harsashi a ƙarƙashin ƙarfen nan, da kanta take tashi."

Da gari ya rikice da zanga-zanga, 'yan sanda suka ɓace daga titi, kowace unguwa ta kafa shingaye tana gadin kanta. Babban ɗan dattijon ya ɗauki bindigar, a gabanmu ya cika rami na shida. Uban ya hana shi, ɗan ya ce, "Baba, ɓarayi na tafe in bar rami fanko? Khalas, magana ta ƙare."

A waccan la'asar muna alwala a famfon ƙofar gida. Ɗan dattijon ya sunkuya zai wanke ƙafa, bindigar ta sulluɓo daga ƙugunsa ta bugi siminti, ta tashi. Abokina na tsugune a gefensa. Ya dube ni kamar zai ja ni da wasa, sai na ga jini yana bin gaban rigarsa. Mun samu mota, amma shingayen da muka kafa da hannunmu suka yi ta tsayar da mu. A kan cinyata ya cika.

Ni na kira mahaifiyarsa. Ta ce, "Masu rikicin ne?" Na ce, "A'a Mama, alwala yake yi."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin ɓarawo ko ɗaya bai taɓa shigowa layinmu ba. Tun daga ranar na gane, abin da masani ya bari fanko da gangan, kada tsoro ya sa ka cike shi. Sau da yawa ba wanda ya cike ramin ne ke kwana a kabari ba.