Dodo Mai Baki Uku a Zaurenmu

Har yau idan na bi ta gaban masu walda na ga farin hasken nan yana wal-wal, sai gabana ya faɗi. 'Ya'yana dariya suke yi mini, wai Mama babba da ita tana tsoron walda. Nakan ce ku yi ta yi, ba ku ga abin da na gani ba.

A Tudun Wada ta Gusau na tashi. Babanmu kafinta ne, kuma zauren gidanmu shi ne wurin aikinsa. Kakarmu, mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, a Kekun Waje take zaune, can ƙasar Bungudu, amma duk shekara da an gama girbi sai ta ɗauro ƙullinta ta zo ta yi sanyi da mu. Idan an ci tuwo an yi isha'i ba ta bari a kashe murhu. Sai ta tura dankali cikin toka ta miƙe ƙafa, ni da ƙanena Nasiru mu manne mata ta ko'ina, tana ture mu tana cewa mun fi kaska naci. Tatsuniyoyinta ba su da iyaka, yawancinsu na ban dariya ne, har mahaifiyarmu, Mama, takan bar wanke-wanke ta dawo ta zauna.

Abu ɗaya ne sai na faɗa kafin a gane sauran. Baba shi ne ɗan Inna na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana baki da baki. Idan ya durƙusa zai gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Idan tana son ya yi mata wani aiki, ko yana tsaye a gabanta ni za ta duba ta ce, "Ke, gaya ma mai zarto ƙyaurena ya saki." Akwai wani yaron maƙwabta mai suna Sa'idu, sunan Baba ke nan, shi ma bai tsira ba, "mai sunan wancan" take ce masa.

A shekarar da nake ba da labari Baba ya sayo wani tsohon injin katako daga hannun wani dattijo Kirista, kafinta, da tsufa ya kama shi zai koma garinsu can kudu. Inji ne mai aiki uku. A sama akwai zarto mai zagaye da ke tsaga katako, a tsakiya akwai wuƙaƙe masu goge fuskarsa ta yi sumul, a gefe kuma akwai abin huda. Baƙi ne ƙirin, mai nauyin tsiya, sai da majiya ƙarfin unguwa suka taru aka shigar da shi zaure. Yana aiki lafiya lau, sai dai a hankali, irin na tsofaffi.

Sai aka ba Baba aikin wasu manyan ƙofofi daga Tsafe, na katako mai kaurin da zarton injin ba ya ratsawa. Baba kuwa, Allah Ya jiƙansa, idan ya kafe a kan abu, to a bar shi kawai. Ya cire murfin ƙarfen da ke rufe zarton ya jefar bayan ƙofa. Ya sayo zarton da ya kusa ninka na da, ya samo motar wani injin niƙa mai ƙarfi. Da ya ga sabon zarton ba zai zauna ba, sai ya yanke hannun ƙarfen da ke riƙe da shi, ya ce zai ƙara masa tsawo da walda. Shi ba mai walda ba ne, kallo kawai ya yi wa masu yi. Ya naɗe waya cikin wani akwatin katako, ya ce ga injin waldarsa.

Na ji Mama tana raɗa wa Inna cewa dattijon nan ya gargaɗi Baba ranar ciniki. Ya ce jikin injin ƙarfen zubi ne, irin na tukunya, walda takan hau kansa ta zauna kamar ta kama, alhali ba ta kama ba. Mama ta yi magana, Baba ya ce ina ruwan mata da inji. Mutum ɗaya ce a duniya idan ta ce bari zai bari, ita kuwa ba ta yi masa magana. Inna dai ta aike ni: "Gaya ma mai zarto ya bar ƙarfen nan yadda ya gan shi." Na je na faɗa. Ya shafa kaina yana murmushi ya ce, "Ki ce mata na ji." Saƙo a bakin yarinya ba shi da nauyi, ya ci gaba da abinsa.

A lokacin sai bayan magariba ake kawo mana wuta, don haka da dare yake waldar. Daren da zai gama, muna gindin murhu, hasken yana fitowa daga zaure yana dukan bangon tsakar gida. Ya haska fari fat, inuwarmu ta miƙe har kan rufi, sannan duhu ya rufe, ga ƙarar tsss kamar an zuba ruwa cikin tafasasshen mai, ga ƙaurin ƙarfe. Inna tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Takan ce, "Baƙuwa ta iso, wa ka ba ta tabarma?" mu ce, "Mu!" Ranar ma ta faɗa, amma ba mu take kallo ba. Ta juya fuskarta wajen zaure, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce wani mai saran itace ne ya gaji dodo daga hannun wani tsoho. Dodon bakinsa uku: ɗaya na yanka, ɗaya na lasa, ɗaya na huda. Duk itacen da aka miƙa masa sai ya gyara shi tas. Da tsohon zai tafi ya ce, "Ga shi nan, ya yi maka bauta har ka tsufa. Amma kada ka kwance mashi takunkumi, kada ka ƙara mashi haƙori." Mutumin ya ce to. Ana nan sai ya ga dodon yana yi masa nawa. Ya kwance takunkumin. Ya samo haƙoran kada ya dasa masa, ya ciro zuciyar bijimi ya sa masa a ƙirji. Da sarƙar wuyansa ta yi kaɗan, sai ya tsinke ta ya liƙe da ƙaro.

Nan Inna ta sauke murya, ta yi ta ƙasa-ƙasa cikin maƙoshi, ta rera abin da dodon ke cewa idan dare ya yi:

"Mai gida, mai gida,
ka kwance mini baki,
ka ƙara mini haƙori,
mi za ni ci in itace ya ƙare?"

Daidai lokacin hasken walda ya fasa duhu, na ga fuskar Inna fari fat, idanunta sun yi zuru-zuru, ba ta yi kama da kakata ba. Nasiru ya cusa kai cikin zanenta. Ta ci gaba. Dodo ya cinye itacen dawa, ya cinye turmi, ya cinye ƙyauren ɗaki. Da ya duba bai ga sauran abin ci ba, sai ya tsaya yana kallon hannun da ke miƙo masa itace.

Dankali yana ƙonewa, ba wanda ya kula.

Na ce, "Inna, ba wanda ya hana shi?"

Ta ce, "Uwatai tana nan. Tana gani."

"To me ya sa uwar tasa ba ta kira shi ba?"

Ta daɗe tana tona toka da tsinke kafin ta ce, "Ba ta iyawa."

A zaure waldar ta tsaya cik. Mun ji shirun, duk mun san Baba yana saurare. Ina jiran in ji takunsa. Can sai tsss, hasken ya dawo. Inna ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, ku tashi ku kwanta." Ba ta taɓa barin tatsuniya ba ƙarshe ba sai ranar. Na kwanta ina kuka a ɓoye, don ni a raina na gama yarda dodon yana zaurenmu, kuma hannun Baba yake jira.

Da safe Baba ya fito idanunsa jajur saboda hasken walda, amma yana ta fara'a. Aka yi sa'a wuta ba ta ɗauke ba, ya ce yanzu zai gwada. Na laɓe a bakin ƙofar da ke shiga zaure daga cikin gida. Sai na ji mutum a bayana. Inna ce. Ita da ko leƙa zauren ba ta yi idan yana ciki, ga ta tsaye, ta dafa kafaɗata da hannu mai sanyi.

Ya tayar da injin. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, ƙasa tana girgiza, ƙusoshi suna tsalle a kan teburi, zarton ya ɓace don gudu, sai iska kawai. Baba ya ɗauko katako mai kauri ya tsaya daidai saitin zarton, ya fara turawa da ƙirjinsa a gaba. Katakon ya shiga. Sai ƙarar ta canza, wani ƙas-ƙas-ƙas ya shigo cikinta. Farcen Inna ya nutse cikin kafaɗata.

"Sa'idu!"

Ban san muryar ba. Na ɗauka wata ce ta shigo. Baba ma bai tsaya tunani ba, jikinsa ne ya yi abin da ya saba yi a gabanta tun yana yaro. Ya saki katakon, ya juyo, ya zube ƙasa a durƙushe ya ce, "Na'am, Inna."

Bai rufe baki ba waldar ta ɓalle. Na ji tau! kamar an harba bindiga, wani abu ya wuce ta saman hularsa yana kuka, ya je ya kafe a bangon zaure, ƙasa ta zubo. Zarton ne, rabinsa a cikin bango, daidai tsayin ƙirjin mutum. Motar ta ci gaba da ihu ita kaɗai har sai da Mama ta rugo tana salati ta fizge wayar.

Baba yana nan a durƙushe, bai ko waiwayi zarton ba, Inna yake kallo baki buɗe. Ita kuwa ta saki kafaɗata, ta gyara lulluɓi, ta koma gindin murhun da ba wuta ta zauna. Ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinya. Da ya biyo ta ya sake durƙusawa, sai ta juya ga bango kamar kullum, ta ce mini, "Ke, gaya ma mai zarto ya sha ruwa."

Shi ke nan. Ba ta sake kiran sunan ba har ta koma ga Allah, kuma duk wanda ya tayar da maganar sai ta ce ita ba ta kira kowa ba. Ƙofofin Tsafe da zarton hannu Baba ya gama su. Injin ya daɗe a zaure kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Tsagar da ke bango kuwa, sau nawa ana yaɓe gidan, bai taɓa yarda a shafe ta ba.

Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada a taɓa abin da aka ce a bari. Sai da na girma na gane tatsuniyar ba tamu ba ce, mu tabarma kawai aka shimfiɗa don maganar ta samu wurin zama. Da na haifi ɗana na fari, 'yan uwa suka zuba ido su ga ko zan yi kunyarsa. Ban yi ba. Ina kiran sunansa safe da yamma, har gwaggonnina suna cewa idona ya bushe. Su faɗa. Na tsaya kusa da macen da ta kwana da sunan ɗanta a maƙoshi, na ji yadda farcenta ya shiga namana kafin ya fito.

Bayan rasuwar Inna, wata rana na tarar da Baba a zaure, ya tsufa, yana zaune yana kallon tsagar nan. Na ce, "Baba, har yanzu tsoron ranar bai sake ka ba?" Ya girgiza kai.

"Ni ban ma ga zarton ba," in ji shi. "Muryarta kawai na ji. Da na san za ta sake kira, wallahi da na sake tayar da injin."