Kaset ɗin Yaya Bukar da ya tafi Makka

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Bukar, Allah Ya jiƙansa. Mutanen unguwar Shahuci sun san shi da gyaran rediyo. Mu 'yan gida kuwa mun san shi a matsayin mutumin da zai bar tuwo ya huce saboda labarin jirgin da ya tafi wata duniyar.

Littattafan Turanci ne yake tsintowa a wajen masu gwanjo, duk na tafiya sararin samaniya da mutum-mutumi mai magana. Ya karanta, ya zo tsakar gida ya juye mana da Hausa, har da ƙarin gishirinsa. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ofisoshi na ta cika da sababbin kwamfutoci, shi kuma ya kinkimo wata tsohuwa da ta kusa girme ni. Da talabijin ake haɗa ta, kuma duk abin da aka rubuta mata a kaset ɗin rediyo take ajiye shi. In ka sa kaset ɗin a rakoda ba abin da za ka ji sai wata tsuwwa mai hawa kai.

A kanta ya shafe wata da watanni yana ƙera wasa: jirgi ya tashi daga kan Dala, mai wasa ya tuƙa shi tsakanin taurari. Nakan tsokane shi cewa jirgin ya fi kama da ƙosai. Ya ce in yi dariyata, rediyoyin da yake gyarawa duk za su mutu, wannan ne abin da zai bari a duniya. Kaset ɗaya tak yake da shi na wasan.

Lokacin tashin alhazai ya zo. Innarmu ba ta rubutu, don haka duk shekara magana take ɗauka a kaset ta aika wa ƙanwarta Yagana da ke zaune a Makka. Ta shiga ɗakin Bukar neman wanda ba a so, ta gwada ɗaya ta ji tsuwwa, ta ce wannan ya lalace. Ta danna rakoda ta shiga gaisuwa. Tana gab da kammalawa ya shigo.

Bai sake ƙera wasan ba. Aure ya zo, hidima ta ƙaru, daga baya ciwo ya kwantar da shi. Ya rasu 'yarsa Falmata tana goye. Na daɗe ina jin zafin cewa abin da ya fi ƙauna bai ko kai shi kabari ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Na'ura mai amsa magana da yake ba mu labari muna dariya, ga ta a aljihun mai tura ruwa. Zai yi murna, na sani, amma zai yi mitar cewa ba mai kwance wayarsa ya ga cikinta. Saƙon murya kuwa, cewa zai yi Inna ta riga kowa.

Bara Inna Yagana ta rasu, 'ya'yanta suka aiko mana da kaset-kaset ɗin da ta adana. Da ƙyar muka samo rakoda mai aiki a Ƙofar Mazugal. Muna sauraron Innarmu tana lissafa waɗanda suka haihu, sai muka ji motsin labule, sannan muryar Bukar.

"Inna, wane kaset kika ɗauka?"

"Lalataccen nan mai kuka."

Sai ga muryarsa kuma, a hankali: "To, ba komai. Ci gaba, Inna. Ki ce ina gaishe ta."

Ba hotonsa mai motsi, ba wata muryarsa a ko'ina. Na gode wa Allah da kuskuren Inna, domin da wasan ne ya tsira, tsuwwa kawai za mu ji. Abin da ya saura shi ne yadda mutum ya yi magana da mahaifiyarsa a daidai lokacin da ta shafe masa aikin ransa.

Falmata, wadda yanzu take da nata goyon, ba ta yi kuka ba. Ta matso kusa da rakodar, ta ce, "Gwaggo, mayar da shi baya. Ban taɓa jin sa ba."