Lukuman da Wayoyin Abokan Aikinsa

Lukuman ɗan unguwar Rikkos ne a garin Jos, a can aka haife shi, a can ya yi aure. Kakansa ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, mahaifinsa kuwa tela ne wanda ya so ɗansa ya gaji keken ɗinki, amma hankalin Lukuman bai taɓa zama a kan allura ba. Gyaran waya ya koya a kasuwar Taminus, daga nan ya faɗa harkar kwamfuta, har hannunsa ya faɗa sosai. A shagonsa Alhaji Lamidi ya same shi. Alhaji Lamidi Bayarabe ne da ya tsufa a Jos, yana da kamfanin da ke sayen dankalin turawa a hannun manoman Bokkos da Mangu yana lodawa zuwa kudu. Ya ɗauki Lukuman ya damƙa masa duk wani abu mai maɓalli a kamfanin, kuma Lukuman ya riƙe aikin da amana, har da ɗan alfahari.

Ana nan sai wata dila daga Fatakwal, wadda kowa a kamfanin yake kira Madam, ta maka su a kotu. Ta ce an yi mata alkawarin kaya an saɓa. Kotu ta umarci kowane ɓangare ya fito da duk saƙonnin da suka shafi cinikin, na imel da na waya. Lauyar kamfanin, Barista Felicitas, ta zo ofis ta yi musu bayani. Ta ce akwai kamfanoni a Abuja da ba su da sana'a sai wannan: su kwafi saƙonnin, su tace, su miƙa wa lauya abin da ya shafi shari'a kaɗai. Shawararta ita ce a kira ɗaya daga cikinsu.

Lukuman ya ji kamar an mare shi a gaban jama'a.

"Oga," ya ce da Alhaji Lamidi, "ina zaune a gidan nan a ɗauko baƙo ya zo ya leƙa cikinmu? Farashinmu, sunayen manomanmu, duk a hannun wanda ba mu sani ba? Ga tsada. Ni zan yi."

Barista ta ce, "Malam Lukuman, ba iyawarka nake shakka ba. Ma'aikatan nan da wayoyinsu na kansu suke aiki, kuma kai ka san su."

"Ai shi ya sa ma za su fi yarda da ni," in ji shi.

Alhaji da ya ji maganar tsada sai ya gyaɗa kai. Aka bar wa Lukuman aikin. Ma'aikata suka riƙa kawo wayoyinsu yana kwafewa, wasu suna ɓata rai, shi kuma yana ba kowa baki cewa abin da ya shafi dankali kawai zai duba.

Rubutattun saƙonni ba su ba shi wahala ba, da ya sa sunan dilar sai su fito. Matsalar ita ce direbobi da 'yan sito ba sa rubutu, murya suke turawa, Hausa a cakuɗe da Turancin buroka. Babu yadda za a san abin da ke cikin saƙon murya sai an saurara. Haka ya riƙa wuni da abin ji a kunne, in ya ji magana ta kauce wa ciniki sai ya tsallake.

Sai ya zo kan wayar Pam, shugaban direbobi, mutumin Anguwan Rukuba. Pam ba abokin aiki kawai ba ne a wurinsa. Wata shekara da gari ya rikice da rana tsaka, shi ne ya sa Lukuman a gaban babbar mota ya bi da shi ta lunguna har bakin Rikkos. A cikin wayar Lukuman ya ga hira da wata da aka rubuta wa suna Madam. Ya ɗauka dilar ce, ya danna. Kalma biyu ya ji ya gane matar Pam ce, tana kuka ƙasa-ƙasa. Yatsansa na kan maɓallin tsayarwa, amma bai danna ba. Ya ji tana cewa likita ya tabbatar ciwon daji ne a nono, tana roƙon mijin kada ya faɗa wa kowa, ko mahaifiyarta. Da saƙon ya ƙare sai ya buɗe na gaba, da na gabansa, yana ce wa ransa tausayi ne ya sa.

Bayan 'yan kwanaki, a rumfar mai abinci da ke bakin kamfani, direbobi sun cika benci, Lukuman ya ga Pam yana juya cokali a cikin shinkafa bai ci ba. Tausayin ya taso masa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Pam, yaya jikin madam? An fara yi mata allurar dajin kuwa?"

Direbobin duk suka juyo. Pam ya ajiye cokali ya dube shi.

"Wa ya gaya maka?"

Lukuman ya sunkuyar da kai.

"Ko mamanta bai sani ba," in ji Pam da irin Hausarsa. "Ka ce dankali kawai za ka duba."

Ya tashi ya fita. Lukuman ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Kafin mako ya zagayo maganar ta bi direbobi ta isa Anguwan Rukuba, surukar Pam a bakin wata maƙwabciya ta ji ciwon 'yarta. A ofis kuwa, da Lukuman ya shigo sai hira ta mutu, kowa ya kifa wayarsa. Ma'ajin kamfani, wanda suke sallah sahu ɗaya, ya daina haɗa ido da shi, alhali Lukuman bai saurari komai nasa ba. Wa zai yarda?

Da ya gaya wa matarsa Fiddausi, sai ta ce, "Da ka ji murya ba ta dilar ba ce, me ya hana ka kashewa?"

Da kansa ya je wurin Alhaji Lamidi ya ce a kira mutanen Abuja. Alhaji ya yi ta mita, amma ya kira su. Su ma ba tsaf suka yi aikin ba: sun ja lokaci, wasu muryoyin sai da aka nemo musu tafinta. Sai dai ba su san Pam ba, ba su san kowa ba, abin da suka ji ya tsaya a kunnensu. Daga baya aka sasanta da dilar a wajen kotu, kamfani kuma ya saya wa direbobi wayoyin aiki daban da nasu.

Wata Lahadi da yamma Lukuman da Fiddausi suka hau a-daidaita-sahu zuwa gidan Pam. Matar Pam tana zaune a falo, ta rame, ta ɗaure kai da ɗankwali. Lukuman ya durƙusa ya ba ta haƙuri, kansa a ƙasa. Ta saurare shi har ya gama.

"Na yafe maka, Malam," ta ce. "Dama zan faɗa wa mamana. Na so ne ta ji daga bakina."

Pam ya raka su bakin titi, ya tare musu abin hawa, ya ce su gaida gida. Har yau Lukuman yana kamfanin, matar Pam kuma tana ci gaba da karɓar magani. Suna gaisawa da Pam kowace safiya, amma Lukuman bai sake iya tambayarsa jikinta ba. Fiddausi ce take zuwa dubiya.